Ziyara Zuwa Sheda: Ina Ma'aikacin Abuja Zai Kwana?

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa neman gidan haya a Abuja ba ya bukatar a gaya masa abin da ya kai ni Sheda. Wata uku ke nan da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa babban birnin tarayya, iyalina suna can Zariya, ni kuwa ina raɓe a ɗakin wani abokin aiki. Na bi dillalai Wuse da Garki, suka faɗi kuɗin da ya sa na riƙe baki. Na gangara Kubwa da Lugbe da Nyanya, can ma sai wanda ya shirya, ga shi kuma wasu masu gidajen sai an ba su kuɗin shekara biyu a dunƙule. Ana nan sai ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi aiki shekaru masu yawa a ɗaya daga cikin ma'aikatun bincike na Sheda har ya yi ritaya ya zauna can, ya aiko mini cewa in zo in ga gari da idona kafin in yanke shawara. To, gani ya kori ji, sai na shirya.

Hanyar Lakwaja

Ran Asabar da hantsi na shiga motar Gwagwalada daga Garki. Muka bi babban titin filin jirgin sama, muka wuce Lugbe inda gidaje suka cika kwari da tudu, muka bar kwanar filin jirgin a baya, sa'an nan muka wuce ƙofar Jami'ar Abuja wadda aka kafa a 1988. Daga nan sai mararrabar Giri, inda titin ya haɗu da babbar hanyar da ta taso daga Kaduna ta nufi Lakwaja. A nan ne matafiyi zai fara sanin cewa ya bar Abujar da ake nunawa a talabijin, domin manyan motocin kaya da tankokin mai su ne masu hanya, ƙananan motoci kuwa sai raɓe-raɓe.

Da isa Gwagwalada sai zafi ya mare ni. Ƙasar nan ta fi tsakiyar Abuja gangarowa, saboda haka rana ta fi ƙuna. 'Yan acaɓa, waɗanda aka hana su shiga tsakiyar birni tun 2006, a nan suke cin kasuwarsu babu mai tsangwamarsu. Na sake mota, muka bar garin da kogin Usuma a bayanmu, ba mu yi wata tafiya mai nisa ba sai direba ya taka burki ya ce, "Mai Sheda, an zo." Daga tsakiyar Abuja zuwa nan tafiyar ta haura kilomita 60.

Abin da baƙo zai fara gani a bakin hanya shi ne doya, an tsiba ta kashi-kashi ana jiran matafiya masu zuwa kudu da masu dawowa. Na ga matan Gbagyi, waɗanda mu Hausawa muka saba kira Gwari, sun fito daga gona da kaya a kan kafaɗa, don a al'adarsu ba a ɗora wa kai kaya. Sheda tana cikin Ƙaramar Hukumar Kwali wadda aka kafa a 1996, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na yankin babban birnin tarayya. Ban da Gbagyi akwai Bassa da Ganagana da Hausawa da Filani a yankin, ga kuma ma'aikata daga kowace jiha ta ƙasar nan.

Ƙauyen Masana

Mai karatu zai yi mamaki in na ce masa littafin da ɗansa yake karantawa a firamare yana da alaƙa da wannan ɗan gari. A Sheda ne hedkwatar Majalisar Bincike da Raya Ilmi ta Nijeriya take, watau NERDC, wadda aka kafa a 1988, ita ce kuma take tsara manhajar karatu ta makarantun firamare da sakandare na ƙasa baki ɗaya. A wannan yanki kuma Cibiyar Lissafi ta Ƙasa take, wadda ita ma aka kafa a 1988, inda ake horar da ɗalibanmu masu zuwa gasar lissafi ta duniya. Akwai makarantar horar da 'yan kwana-kwana ta tarayya, can gaba kuma wajen Kwali akwai Kwalejin Gwamnatin Tarayya.

Wadda ta fi fitar da sunan garin ita ce Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sheda, wadda ake kira SHESTCO a taƙaice. A cikinta akwai wata na'ura da ke fitar da wani irin haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, masana suna kiransa gama. In aka haska shi ga hatsi sai ƙwarin da ke ciki su mutu, in kuwa doya ce ko albasa ko dankali sai ya hana su tsiro, su daɗe a ajiye. Kawu ya yi mini wannan bayani muna tsaye kusa da wata tsohuwa mai sayar da doya, wadda take kukan cewa rabin abin da ta ajiye bara ruɓewa ya yi.

Gidan Kawu yana cikin wani lungu bayan bakin hanya. Gidajen a jere suke, katanga ta jingina da katanga, na bulo da na ƙasa a gauraye, kowane da ɗan tsakar gidansa da bishiyar mangwaro ko gwanda. A iyakar tafiyar minti goma da ƙafa na ƙirga masallaci, da coci biyu, da makarantar firamare, da injin niƙa, da kantin magani, da teburin mai shayi, da rijiyar burtsatse inda 'yan garuwa suke layi. Bayan Magariba aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, maƙwabta suka fito, ciki har da wani Bayarabe malamin makaranta da wani dattijon Gbagyi wanda kakanninsa suka sari wannan daji. Hausa aka yi hirar da ita tun daga farko har aka tashi.

Unguwar Jan Bulo

Da aka watse na ce, "Kawu, ku da kuka zauna Ingila, me ya zaunar da ku nan, alhali abokan aikinku sun gina gidaje a Gwarinpa?"

Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai Ingilar ce ta koya mini zaman nan."

Sa'an nan ya ba ni labarin shekarun da ya yi yana karatu a Jami'ar Leeds, a arewacin Ingila, jami'ar da Wole Soyinka ya yi karatu a cikinta tun kafin a ba mu mulkin kai. Ya ce unguwar da ya zauna sunanta Hyde Park, ba kuma filin shaƙatawar nan na Landan mai irin wannan suna ba. Unguwa ce ta gidajen jan bulo, layi-layi, kowane gida manne da na kusa da shi, faɗinsa bai wuce ɗaki ɗaya ba, sai dai a hau sama, bene a kan bene. Wasu gidajen ma bayansu manne yake da bayan na wancan layi, ba su da ƙofar baya ba su da tsakar gida, ƙofa ɗaya ce tak kuma a kan titi take buɗewa. Matan unguwa a kan titi suke ɗaura igiyar shanya, daga wannan gida zuwa wanda yake kallonsa.

Irin waɗannan gidaje an fara gina su ne domin ma'aikatan masaƙu da masana'antu, a zamanin da Leeds ta yi suna wajen saƙar ulu da ɗinkin tufafi. Leburan wancan zamani ba shi da mota, dole gidansa ya kasance inda ƙafa za ta kai shi wurin aiki kafin a busa ƙaho. Likitoci sun daɗe suna sukar gidajen saboda rashin iska da ƙarancin makewayi, har Majalisar Dokokin Ingila ta hana gina masu manne da baya a 1909, amma a Leeds ba a daina ba sai 1937. Dubbansu suna nan har yanzu, an gyara su an sa musu famfo da makewayi a ciki, ɗalibai da ƙananan ma'aikata da baƙi 'yan Pakistan da sauran ƙasashe suna zaune a ciki.

Kawu bai ɓoye wahalar wurin ba. Ya ce in maƙwabci ya yi tari kana ji, bango yana tsattsafo da damshi lokacin sanyi, ɗakin girki kuwa mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Wata rana ya soya daddawa, matar gidan da ke kusa ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambaya ko wani abu ne ya mutu. "Amma ka ga," in ji shi, "shekara huɗu na yi ban taɓa tunanin kuɗin mota ba. Minti goma ina cikin aji. Rabin sa'a ina kasuwar Kirkgate a tsakiyar gari, kasuwar da kamfanin Marks and Spencer ya fara da ɗan tebur a cikinta a 1884. Mahaucin da ke sayar da naman halal yana ƙarshen layinmu. Mai shara da farfesa hanya ɗaya suke bi da safe, dukansu a ƙasa."

Ya ce ranar da ya dawo gida ya shiga birnin Kano sai ya ga ashe abin da ya yaba a ƙasar Turawa mu ma muna da shi tun tuni. Gaskiyarsa kuwa. Wanda ya san unguwannin da ke kewaye da kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ya san yadda lungu yake haɗa gida da masallaci da makarantar allo da kasuwa, attajiri da ɗan dako suna salla sahu ɗaya. Haka cikin birnin Zariya inda na tashi. Mun riƙa raina waɗannan unguwanni saboda ƙunci da rashin magudanar ruwa, muka ɗauka ci gaba shi ne katafaren gida da doguwar katanga a bayan gari.

Abin Da Aka Zana A Takarda

Washegari Lahadi muka leƙa Kwali, garin Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwane. An haife ta wajen 1925, ta koyi ginin tukunya irin na matan Gbagyi, a 1954 kuma ta shiga makarantar ginin tukwane da Baturen nan Michael Cardew ya buɗe a tsohon garin Abuja, wanda yanzu ake kira Suleja. Ta je Ingila da Amurka ta nuna aikin hannunta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Kawu ya zaro takardar naira 20 ya nuna mini. A gefe ɗaya ga Ladi tana ginin tukunya, a ɗaya gefen ga Janar Murtala Muhammed, wanda gwamnatinsa ta yanke shawarar dawo da babban birni nan daga Ikko. Ya ce, "Mai gari da baƙonsa a takarda ɗaya, ga shi yau ko ruwan leda da ƙyar take saya."

A hanyarmu ta dawowa muka shiga zancen yadda aka yi Abuja. A 1975 aka naɗa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, a watan Fabrairu na 1976 aka kafa doka ta 6 wadda ta keɓe yanki mai faɗin murabba'in kilomita kimanin 8,000. Babban dalilin barin Ikko shi ne cunkoso da rashin fili. A 1979 aka gama babban tsarin birnin, wani masanin gine-gine ɗan Japan mai suna Kenzo Tange kuma ya zana tsakiyarsa. Ran 12 ga Disamba, 1991, Janar Ibrahim Babangida ya tare a Abuja, aka tabbatar da ƙaura.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a cikin wannan tsari an tanadi irin unguwar da Kawu yake yabo. An raba birnin gunduma-gunduma, kowace gunduma unguwa-unguwa, kowace unguwa da makarantarta ta firamare da kantunanta a inda ƙafa za ta kai, an kuma bar hanyoyi na musamman domin motoci da jiragen ƙasa na jigilar jama'a. Wanda ya zagaya gidajen ma'aikata na farko a Garki da Wuse zai ga alamar wannan niyya. An yi lissafin birnin zai ɗauki mutum kimanin miliyan 3 in an gama shi. Ƙidayar 2006 ta sami mutum miliyan 1.4 a yankin baki ɗaya, daga nan kuwa jama'a ba su daina kwararowa ba.

Sai dai ginin gidaje bai bi gudun jama'a ba. A 2003 gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta fito da tsarin biyan ma'aikaci kuɗi a maimakon ba shi gida, daga baya aka sayar da gidajen gwamnati na Abuja. Wanda ya samu ya samu, wanda ya zo daga baya sai haya a hannun 'yan kasuwa. Tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan birnin, an rushe unguwanni da yawa da aka ce sun saɓa wa tsari, mazaunansu suka watsu zuwa garuruwan gefe. Yau in ka bi Maitama da Asokoro da dare za ka ga manyan gidaje da yawa a rufe, babu kowa sai maigadi, alhali masinja da direba da ƙaramin akawu da ke aiki a sakatariya suna kwana a Mararraba ta Jihar Nasarawa, ko Suleja ta Jihar Neja, ko nan Gwagwalada da Sheda.

Kawu ya ja mini kunne a kan abu biyu. Na farko, in ba haya zan kama ba, kada in sayi fili don kawai wani ya nuna mini takardar mai unguwa, domin bisa doka ƙasar yankin babban birnin tarayya a hannun Gwamnatin Tarayya take, ministan Abuja ne mai ikon ba da ita. Mutane da yawa sun gina gida da guminsu, daga baya katafila ta zo. Na biyu shi ne tsaro. A 'yan shekarun nan an sha jin labarin satar mutane a ƙauyukan Kwali da Kuje da Bwari, shi ya sa mutanen lungunsu suke haɗa kuɗi duk wata suna biyan 'yan sintiri, kuma gidan da ya ware shi kaɗai a bakin daji, komai arharsa, ba ya ba ni shawarar in kama.

Asubahin Litinin

Da yamma aka nuna mini wani gida ciki da falo a lungu na biyu daga na Kawu. Kuɗinsa na shekara bai kai abin da dillalin Wuse ya nema na 'yan watanni ba. Makaranta tana kusa, asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja yana Gwagwalada. Na kwanta da murna, amma Kawu ya ce kada in ba da ko kwabo sai na gwada hanyar ran aiki.

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ana idar da salla, na fito bakin titi. Na tarar da mutane sun riga ni, maza da mata da jakunkunansu, kowa yana miƙa hannu ga duk motar da ta doso da fitila. Wata mata da muka shiga mota ɗaya, ma'aikaciyar jinya ce a cikin birni, ta ce 'ya'yanta suna barci take fita, sau da yawa kuma suna barci take dawowa, babbar 'yarta mai shekara goma sha biyu ita ke yi wa ƙannenta shirin makaranta. Wani dattijo a gaban mota ya ce tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, ya ajiye motarsa, a wasu makonnin ma a ofis yake kwana daga Litinin zuwa Alhamis. A Giri muka tarar da tirela ta lalace ta tare rabin hanya. Daga Lugbe kuwa sai tafiyar hawainiya, domin duk motocin wannan ɓangare ƙofa ɗaya suke nema. Akwai jirgin ƙasa na cikin birni da aka buɗe a 2018, aka sake tayar da shi a 2024, amma layinsa bai zo ko kusa da nan ba.

Ƙarfe takwas saura na sauka a Garki. Na yi lissafi a bayan takardar aikina: in tafiya da dawowa suka ci sa'a huɗu kullum, a mako ɗaya na aiki mutum ya ba hanya sa'a ashirin, kusan kwana guda cur. Ɗan jarida kuwa ba shi da lokacin tashi, labari na iya tsare shi har dare.

Mutanen Sheda da suke aiki a Sheda sun sami abin da Kawu ya gani a Leeds, gida da wurin aiki da makaranta da masallaci duk a tafin ƙafa. Ashe in an kai aiki inda mutane suke, zaman yana daɗi. Saboda haka muna kira ga Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya da ta dubi abu uku. A ƙara fitar da ma'aikatu zuwa Kwali da Kuje da Abaji da Bwari kamar yadda aka yi da na Sheda. A samar da manyan motocin jigila masu tashi a kan lokaci a hanyar Gwagwalada, kafin Allah Ya kawo jirgi. A kuma ware filaye a gundumomin da ba a gama ginawa ba, a yi ƙananan gidaje a jere waɗanda ƙaramin ma'aikaci zai iya biyan hayarsu, ko da faɗinsu bai wuce na ɗakin Kawu na Ingila ba.

Ni dai na aika wa mai gidan da kafin alƙalami ta hannun Kawu. Iyalina za su tare bayan hutun makaranta, yara su tafi makaranta da ƙafa, uwarsu ta sami maƙwabta. Ni kuwa zan ci gaba da raɓawa a ɗakin abokina, in riƙa zuwa gida ran Juma'a da dare. Da na gaya wa Kawu haka ta waya sai ya yi shiru, can ya ce, "To ɗana, Allah Ya sa albarka. Amma ka riƙa zuwa da tsaraba, kada yaran su manta fuskarka."